Ranar da Kaftin Barhum Ya Zo Mana da Jirgi

Ko Alƙur'ani na dafa maka ba za ka yarda da wannan labari ba. Amma ka shiga lori ka je Hillat Usmanu, yamma da Managil, ka tambayi ranar da gari duka ya sa kayan sallah alhali ba sallah ba. Za su nuna maka ni. Wasu da baki za su nuna, wasu da sanda.

Ni ne Mati. Na yi makarantar gwamnati a Managil har aji uku. Mutane na cewa kora ta aka yi saboda kwaɗon da aka samu cikin tulun malamai, amma gaskiyar magana ita ce malamin ya ga babu sauran abin da zai koya mini, shi ya sa ya rufe ƙofa ina waje. Larabcin baki kowa na da shi a garinmu, har tsofaffi. Na takarda kuwa sai ni. In kalma ta yi tsawo nakan tsallake ta, in cike gurbinta da abin da ya fi ta daɗi, kuma ba a taɓa kawo ƙarata ba.

Duk wata Maliki direban lori yakan kawo mini ɗan littafi daga Madani, na labarin Kaftin Barhum. Barhum mutum ne mai gashin baki kamar ƙahon sa, ya yi faɗa da 'yan fashin teku, ya daki kada da hannu, sau huɗu ana rataye shi igiya na tsinkewa. Shekara uku ina karanta wa mutanenmu shi ina juya shi da Hausa. Tsarinmu mai sauƙi ne. Kawuna Sodangi yana da hawasha, gonar auduga da hukuma ta yanka masa a bakin magudanar ruwa. Lokacin noma maza su zo su kama layi, ni kuma in zauna a inuwar bagaruwa in ɗaga murya. Su nome rabona, ni in ba su Barhum. Shekara uku tafin hannuna bai san ƙotar fartanya ba. Taushinsa ya kai har mata kan ce in buɗe su gani.

Babban masoyin Barhum shi ne Alhaji Gado, samad ɗinmu, wanda ke raba ruwan gonaki. Ya sa wa jakinsa Barhum. Da zakaransa ya kori na maƙwabci, shi ma ya zama Barhum. Ya so ya sa wa jikansa, liman ya hana.

To, wata ranar Asabar a cikin kaka Maliki ya miƙo mini sabon littafi yana 'yar dariya. Na duba bango, ba gashin baki. Wani siririn saurayi ne da tabarau, da wata budurwa riƙe da sitiyarin mota. Na juya littafin, na girgiza shi, ko Barhum zai faɗo daga ciki. Bai faɗo ba.

Washegari aka kama layi, na zauna, na yi gyaran murya. Da na san abin da zai biyo baya da ban faɗi gaskiya ba, don ba al'adata ba ce.

Na ce, "Jama'a, marubuci ya ce Kaftin Barhum ya tsufa, ya ajiye bindiga. Daga yau labari ya koma hannun ɗalibai biyu, Nabil da ƙanwarsa Samira."

Fartanyoyi suka tsaya a sama. Alhaji Gado ya miƙe a hankali yana riƙe da ƙugu.

"Ya mutu ne?"

"Bai mutu ba, Alhaji."

"An kama shi?"

"A'a. Ya koma ƙauye. Ya sayi gona."

"Gona."

"Haka aka rubuta. Wai zai huta."

Alhaji ya dubi layinsa mai tsawo har bakin ruwa, ya dubi lakar da ta kama masa ƙafa har ƙwauri, sannan ya dube ni. "A gona zai huta. Mati, wanda ya rubuta wannan ya taɓa ganin gona?"

Wani ya ce mutumin da ya daki kada yanzu shi zai riƙa roƙon samad ruwa ke nan. Wani ya ce a nuna masa yaron. Na ɗaga bangon daga nesa, don ba na barin kowa ya taɓa mini littafi. Kowa ya zuba wa Nabil ido.

"Wannan ko akuya ta yi atishawa ya faɗi," in ji Alhaji. "Me yake yi in abokan gaba suka zo?"

Na duba shafi na biyu. "Yana tunani."

Alhaji ya saɓa fartanyarsa ya kama hanya. Maza goma sha ɗaya suka bi shi. Aka bar ni da Kawu Sodangi da ciyawa.

Mata kuwa, da suka kawo kisra, wainar dawarmu mai faɗi, da miya da rana, sai labari ya juye. Hannatu ungozoma ce kan gaba. Ta yi koyon aikinta a Madani, ta dawo bara da akwatin ƙarfe da bakin da ba ya jin tsoron kowa. Ita ma ta iya karatu, shi ya sa duk lokacin da ta matso nakan tura littafi cikin aljihun ciki.

"An ce akwai yarinya mai tuƙa mota," in ji ta. "Karanta mana."

"Littafin maza ne."

"Mazan ina suke?"

Na karanta musu. Samira ta tuƙa mota ta tsallake gada. Mata suka yi guɗa har tsuntsaye suka tashi daga dawa. Kafin la'asar gari ya rabu biyu. Matar Alhaji Gado ta ce wa mijinta shekara uku Barhum bai taɓa yin wanka a labarin ba. Alhaji ya ƙi cin tuwonta, ya je ya ci a gidan ƙanensa, inda aka tarye shi da zancen mota. Wata ta sa wa tunkiyarta Samira ta ɗaure ta daidai turken jakin Alhaji. Liman ya yi wa'azi kan rigima a kan mutanen da ba su taɓa yin alwala ba, amma da aka fito masallaci ya ja ni gefe ya tambaye ni ko gonar Barhum ta rani ce ko ta damina.

Guɗa dai ba ta nome gona. Ranar Litinin Kawu ya shigo ɗakina ya jingina sabuwar fartanya jikin gadona.

"Kawu, wannan ta wa ce?"

"Ta ɗan'uwana ce, mai taushin hannu. In Juma'a ta yi mutanen nan ba su dawo layi ba, kai da ita za ku san juna."

"Kawu, ni fa mai ilimi ne."

"Ita ma ba jahila ba ce. Za ta koya maka."

Na tafi dandalin shayi kai tsaye. Maza na zaune kamar gidan makoki. Na karɓi kofi, na kurɓa, na ce ai ba sai an damu ba, marubucin nan abokina ne. Mun yi aji ɗaya.

"A Managil?" in ji Alhaji. "Ba a Masar yake ba?"

"Daga baya ya koma. Ni nake yi masa lissafi. Zan aika masa wasiƙa, ya dawo da Barhum ko mu ɓata."

Alhaji ya ce in Barhum ya dawo, shi da kansa zai nome mini layi biyu a rana. In kuwa bai dawo ba, to kowa ya ji da gonarsa.

Na kwana biyu ina neman dabara. Sai Allah ya kawo Maliki ranar Laraba da safe. Ya leƙo ta tagar lori ya miƙo mini wata 'yar takarda mai shafuka takwas. "Daga ofishin gona. Sun ce a ba samad, a karanta wa kowa da kowa yau ɗin nan, kada a kwana." Duk takardar da ta shigo garin hannuna take biyowa, don haka bai ƙara ko kalma ba ya ja lorinsa.

Na buɗe. Shafin farko wata tsutsa ce an zana ta ƙatuwa, ta cika shafi, da gashi da baki kamar na kura. Shafi na uku wani ƙato ne fuskarsa a rufe da ƙyalle, yana riƙe da wani abu mai dogon hanci. Shafi na ƙarshe jirgin sama ne a kan gonaki. A ƙarƙashinsa, da manyan baƙaƙe, na karanta kalmomi huɗu ba tare da tuntuɓe ba: jirgi, Alhamis, safe, gonaki. Sauran rubutun ƙanana ne kamar ƙwan tururuwa, kuma kalmominsa dogaye. Na gane dai zancen maganin ƙwari ne, amma wa zai ɓata ido a kan wannan? Jirgi bai taɓa zuwa mana ba, gonakinmu sababbi ne. Wanda na sani shi ne mai wucewa can ƙololuwa kamar shirwa. Na ce to, zai wuce sama, in nuna shi da yatsa, magana ta ƙare.

Na ɓalle bangon wani tsohon littafin Barhum, na jiƙa ƙaro na manna takardar a ciki. Kafin azahar ina dandali.

"Amsa ta zo."

"Tun yaushe ka aika?" in ji Hannatu, wadda ta tsaya da akwatinta a hannu. "Shekaranjiya fa. Wasiƙar a kan aljani ta hau?"

"Tsakanin masu ilimi abu ba ya daɗewa."

"Kawo in gani."

"An rubuta a kai, kada mace ta taɓa."

"Nuna mini inda aka rubuta."

"In na nuna miki ai kin gani ke nan."

Maza suka kore ta da hayaniya. Na buɗe shafin farko na ɗaga. Da aka ga tsutsar nan sai da wani ya ja da baya da kujerarsa. Na ce wannan ita ce dabbar da ta fito daga ƙarƙashin dam ɗin Makwar, tsawonta ya kai lori uku, ta haɗiye motar Samira da tayoyinta, Nabil kuwa yana gefe yana tunani. Na juya shafi na uku. Ga Barhum, ya jefar da fartanya, ya ɗauko bindiga mai hanci.

"Me ya sa ya rufe fuska?" wani ya tambaya.

"Kunya yake ji. Ya san abin da ya yi mana."

Alhaji Gado ya share ido da bakin rawani. A nan ya kamata in tsaya. Amma in mutum talatin suka zuba maka ido baki buɗe, harshe ba ya jin birki. Na buɗe shafin ƙarshe.

"Kuma abokina ya ce, saboda ƙaunar da mutanen Hillat Usmanu suka nuna, gobe Alhamis da safe Barhum da kansa zai bi ta kan gonakinmu da jirgi ya gaishe ku."

Liman ya ce, "Ashe mutum ne na gaske?"

"Malam, da wa ake zanawa?"

Na zaci mutum biyar ko shida za su fito su ɗaga kai. Da gari ya waye sai na ga kowa da kowa ya fito. An buɗe akwatuna. Jallabiyoyin sallah farare ƙal, rawuna, mata lulluɓe da tob, manyan mayafai masu launi, turare har hanya. An ɗauko makaɗa daga ƙauyen gaba. An yi wa jakin Alhaji lalle a goshi. Matan ma sun fito, wai za su tambayi Barhum inda ya baro Samira. An ɗauko tsohuwa Iya Talatu a kan gadonta, mutum huɗu, don ta ce ba za ta mutu ba ta gan shi ba. Aka jeru a tsakiyar hawashar Kawu, cikin auduga, don a nan aka fi jin labarinsa. Ni aka sa gaba, littafi a aljihu.

Can ƙarshen gona sai ga wani baƙo riƙe da farar tuta a kan gora. Da ya hango mu ya fara tsalle yana kaɗa hannu yana ihu, iska na kwashe maganar.

"Wane ne wancan?" in ji Kawu.

"Mai tutar Barhum ne. Murna yake yi."

"Kamar cewa yake mu tafi."

"Haka ake marhabin a Masar."

Alhaji Gado ya ce ba za a fi shi ladabi ba. Ya warware rawaninsa kamu goma, ya ɗaura a sandarsa, ya ɗaga sama yana kaɗawa. Daga baya muka ji cewa baƙon ma'aikacin ofishin gona ne, kuma direban jirgi farar tuta yake bi, inda ta tsaya nan yake saki. Ta Alhaji ta fi ta ma'aikacin girma sau uku.

Muka ji ƙugi. Na ɗaga yatsa sama na buɗe baki zan ce ga shi can. Ba ya can. Yana nan, daidai kan bagaruwa, yana tahowa kamar zai aske mu. Makaɗa suka ƙara wuta. Mata suka ɗauki guɗa. Iya Talatu ta tashi zaune ta buɗe hannuwa biyu. Sai jirgin ya saki wani farin hayaƙi mai laima daga fukafukansa, ya lulluɓe mu tun daga liman har jaki.

Makaɗa suka saki ganguna. Wari ya tashi, irin na kananzir da ya kwana da ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa ya juyo yana kallona, ido na hawaye.

"Turare ne," na ce. "Na manya. Sai an saba."

Wani ya fara tari. Jaki ya yi atishawa ya tsinke igiya. Jirgin ya yi kwana can ya juyo.

"Ya dawo a gaisa," in ji Alhaji, ya ƙara ɗaga rawani.

Karo na biyu ba wanda ya tsaya jin bayanina. Aka watse. Masu ɗauke da Iya Talatu suka ruga da ita tana zagin su tana cewa su juya ba ta ga fuskarsa ba. Alhaji ya ruga gabas da sandarsa a sama, don ya manta yana riƙe da ita, jirgi ya bi shi gabas. Ya yanko yamma inda makaɗa suka ɓuya, jirgi ya bi shi yamma. Duk inda ya nufa mutane na ihu, "Alhaji, kada ka zo nan." Ma'aikacin nan na bin sa a guje yana roƙonsa da Larabci ya yar da tutar, Alhaji na cewa ba zai ba wa bare tutar Barhum ba. Hannatu ce ta daka tsawa ta ce kowa ya faɗa ruwa. Gari guda, da kayan sallah, muka afka cikin magudana. Liman ya shiga da carbinsa. Aka shigar da Iya Talatu da gadonta.

Da jirgi ya tafi muka fito muna ɗiga. Hannatu ta aika aka kwaso duk sabulun da ke kantin gari, ta sa kowa ya wanke ido da fuska, ta hana a taɓa abincin da aka kawo. Ni kuwa na fara zamewa ta bayan jaki. Ashe ruwa ya narkar da ƙaro. Bangon Barhum na yawo a kan ruwa, takardar kuma ta manne a gefen rigata. Hannatu ta miƙa hannu ta ɓanɓare ta.

"An ce kada mace..."

"Yi mana shiru, abokin marubuci."

Ta hau kan gaɓa ta karanta, tana juyawa da Hausa, kuma ko kalma ɗaya ba ta tsallake ba. Sanarwa ga manoma. Ranar Alhamis jirgi zai yi feshin tsutsar auduga. Kada kowa ya kusanci gonaki daga fitowar rana har azahar. A ɗaure dabbobi a gida. A rufe tuluna. Kada a ɗaga farin ƙyalle kusa da gona.

Ta ɗaga shafin farko. "Ga dabbar Makwar. Tsawonta bai kai ɗan yatsana ba." Ta ɗaga na uku. "Ga Barhum. Mai feshi ne."

Alhaji Gado ya tako zuwa gabana, kansa ba rawani, gemunsa na ɗigar ruwa, wata 'yar ciyawa a kunnensa. Bai ɗaga murya ba.

"Mati, marubucin nan ka san shi?"

"Sani iri-iri ne, Alhaji."

"Ka san shi?"

"Na san rubutunsa."

"Motar Samira fa? Tsutsa ta haɗiye ta?"

"Tana nan lafiya."

"Alhamdu lillahi," in ji matarsa daga baya.

A nan bakin ruwa aka yanke hukunci, ba a ko zauna ba. Kayan sallar gari duka ni zan wanke, da gadon Iya Talatu, da jaki. Littattafai su koma hannun Hannatu, ita za ta riƙa karatu a inuwar bagaruwa. Kuma duk wanda ya taɓa nome mini layi a shekara ukun nan, zan shiga gonarsa in rama masa, daga noma har tsinkar auduga. Na ce a duba lafiyata, ina da ciwon baya tun ina aji biyu. Hannatu ta ce ita ma'aikaciyar lafiya ce, ta duba daga nan, ba ni da komai.

Ranar Asabar aka kama layi a hawashar Kawu. Hannatu ta zauna a wurina, a kan buzuna, ta buɗe littafin Nabil da Samira. Maza suka ce ba za su saurara ba, amma na ga kowa ya zaɓi layin da ke kusa da bishiya. Kafin hantsi Alhaji Gado na tambaya ko yarinyar nan ta samu ta fita daga kogon, yana cewa shi ba don ita ba, don motar yake tambaya. Ni aka ba ni layin ƙarshe, can bakin ruwa, inda ba a jin komai sai kwaɗi.

Na yi ƙoƙari na ƙarshe. Na je na buɗe wa Alhaji tafin hannuna biyu, na ce ya dubi wannan taushi, ya ji tsoron Allah, hannun karatu ne.

Ya duba da kyau, har ya shafa. Sannan ya karɓi sabuwar fartanyar daga hannun Kawu ya ɗora mini a kai, ya naɗe yatsuna a kan ƙotar ɗaya bayan ɗaya.

"Kaftin Barhum ya daki kada da hannu," in ji shi, "kuma ya koma gona. Kai ka ce hutu ne. Je ka huta."